Aikin Yanar Gizo

Yanar gizo-gizo ta kama shi a fuska daidai lokacin da ya buɗe baki zai yi magana. Mai Walda ya ja da baya yana tofar da yawu, yana kaɗe gemu da hannu biyu, tef ɗinsa na awo ya faɗi cikin busassun ganyaye. Wani gizo-gizo mai dogayen ƙafafu ya sauko ta kafaɗarsa ya bi hannun riga. Ya daka tsalle ya kakkaɓe shi, har da ashar.

Ɗan Kwangila, wanda ke biye da shi a 'yar siririyar hanyar, ya dafa bishiya yana dariya har tumbinsa na rawa.

"Kai da kake wasa da wuta kullum, gizo-gizo ne ya sa ka rawa?"

"Maigida, wuta na san halinta. Wannan ɗan banzan ban san inda ya nufa ba."

"To kira ɗanka mana ya zo ya cece ka. Ba aikinsa ke nan ba? Yanar gizo!"

Mai Walda ya ɗauki tef ɗinsa yana murmushi. Irin wannan tsokanar ba ta ɓata masa rai. Duk wanda ya taɓa zama minti biyar a shagonsa ya san babban ɗansa, Dogo, ya gama karatu ya samu aikin yanar gizo. Mai shayi ya sani, mai faci ya sani, har almajiran da ke riƙe masa ƙarfe sun haddace. Ɗan Kwangila kuwa bai taɓa ganin Dogo ba, amma labarin ya sha shi har ya gaji, domin duk ƙofar da Mai Walda ya ƙera masa, da labarin ake kawo ta.

Yau aiki ne ya kawo su wannan babban gandun shaƙatawa da ke bayan gari. Ɗan Kwangila ya samu gyaran bencina da ƙarfen wata 'yar gada da tsatsa ta cinye, shi ne ya ɗauko Mai Walda da sassafe su auna. Mai Walda bai taɓa shiga wurin ba. A ganinsa, mutumin da zai bar gidansa ya zo yana yawo cikin itatuwa ba gaira ba dalili, to ciki ne ya cika masa.

Suna karya kwana sai suka hango wani ma'aikaci a gaba, ya juya musu baya. Koriyar riga ce a jikinsa, ya cusa ƙafar wando cikin safa, a hannunsa wata doguwar gora mai tsintsiya a kai. Yana tafe yana ɗaga gorar, yana naɗe yanar da gizo-gizo suka shimfiɗa daga reshe zuwa reshe a tsakiyar hanya. In ya naɗo gizon, ba ya kashe shi. Sai ya kai gorar gefe ya girgiza a kan wani reshe, ya wuce.

"Ka ga wanda ya kamata ya riga mu wucewa," in ji Ɗan Kwangila. "Kai, mai tsintsiya! Ka makara, an riga an yi wa mutumina lulluɓi!"

Ma'aikacin ya juyo.

Mai Walda ya ji kamar ya taka wayar wuta da ƙafa ba takalmi. Dogo ne. Dogonsa, da tsayinsa da komai, ga yanar gizo-gizo ta manne masa a hula.

Nan take ya tuna ranar da aka kira shi a waya. Yana tsakiyar yankan ƙarfe, injin yana kururuwa, ya ji muryar Dogo tana cewa, "Baba, na samu aiki." Ya ce na me? Abin da kunnensa ya kama cikin ƙarar nan shi ne "yanar gizo". Bai tsaya jin saura ba. Ya kashe waya ya fito bakin titi yana shela. Daga baya Dogo ya koma zama kusa da wurin aiki, sai ƙarshen mako yake leƙo gida da wankakkiyar riga. In uban ya ce, "Yaya yanar gizo?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Tana nan, Baba. Kullum sabuwa." Uwarsa kuma sai ta tashi ta shiga kicin, ko da babu abin da ta ɗora.

Ashe ba ƙarya ya yi ba. Kullum sabuwa.

Dogo ya sauke gorar. Fuskarsa ta nuna tsoro, sannan wani abu kamar sauƙi, irin na wanda ya daɗe yana ɗauke da kaya a ka. Ya matso, ya ɗan rusuna.

"Baba, sannu da zuwa."

Kalma ce da kowane saurayi ke faɗa wa kowane mai furfura a hanya. Mai Walda ya san haka. Ya ga ƙofar a buɗe, kuma kafin ya yi shawara da zuciyarsa bakinsa ya riga ya shige.

"Yauwa, samari. Sannu da aiki."

Ya faɗe ta yana duban bishiya.

Dogo bai motsa ba. Ya dubi ubansa, ya dubi mutumin da ke gefensa mai agogon zinare da makullin mota a hannu. Sai ya miƙe daga rusunon a hankali, ya gyara riƙon gorarsa.

"Yauwa," ya ce. "Ina za ku, Yallaɓai?" Wajen Ɗan Kwangila ya juya da tambayar, ba wajen ubansa ba.

"Gadar nan da ta lalace."

"Ku bi hanyar nan har ƙarshe, sai ku yi dama. In kun ɗan jira in wuce gaba, sai in share muku."

Mai Walda ya ji ba zai iya tafiya a bayan gorar nan ba, yana kallon ƙeyar ɗansa, Ɗan Kwangila yana zuba surutu. Ta cikin itatuwa ya hango ƙarfen gadar, ba nisa, in an yanke ta cikin ciyawa.

"Maigida, ga ta can. Mu yanke ta nan, rana na yi."

"Kada ku shiga ciyawar nan," in ji Dogo. "Barewa na kwana a ciki. Kaska ta yi yawa."

"Kaska ta kare ce da saniya," Mai Walda ya faɗa da ƙarfi, har yanzu bai dube shi ba. "Ni ba ko ɗaya ba ne."

Ya kutsa. Ciyawar ta kai masa ƙugu, jiƙe da raɓa. Ya ji Ɗan Kwangila yana biyo shi yana mita, yana cewa takalminsa sabo ne. Bai waiwaya ba.

A gadar, aikin da ya saba yi ido rufe ya gagare shi. Ya auna ƙarfe ɗaya sau uku, kowane awo daban. Ya kwanta rigingine a cikin ciyawar bakin rafi don ya duba ƙasan gadar, ya daɗe a can fiye da yadda aikin ke bukata, domin a nan ne kawai babu mai ganin fuskarsa. Yana kallon tsatsa, amma abin da yake gani shi ne mai shayi. Ya ga yadda zai ajiye buta ya riƙe ciki. Ya ji yadda mai faci zai riƙa ƙwala masa kira daga tsallaken titi, "Baban injiniya, gizo-gizo ya yi saƙa a shagona, a turo mana ƙwararre!" Shekara nawa yana ƙona idonsa a kan ƙarfe don yaron nan ya zauna a ofis mai sanyi? Haushi ya taso masa, ya nemi inda zai sauke shi. A kan Dogo, da bai gyara masa magana ba. A kan uwar Dogo, da ta sani ta yi gum. Amma duk inda ya kai haushin, sai ya ji muryarsa tana cewa "samari", sai haushin ya dawo masa.

"Mai Walda! Barci kake a ƙasan nan?"

Ya fito yana kaɗe baya. Suka bi bencina ɗaya bayan ɗaya. Yanzu mutane sun fara shigowa, masu gudu da masu tura keken jarirai, suna wucewa a hanya fes, babu mai goge fuska. Rana ta ɗaga sosai kafin su kamo hanyar fita.

Sun kusa ƙofa Ɗan Kwangila ya tsaya yana susar ƙafa. Ya ɗaga wando, sai ya saki ihu irin wanda bai dace da mai tumbi ba. Wasu ƙananan abubuwa jajaye-jajaye suna hawa safarsa, wata har ta kai ƙwauri.

"Mai Walda, ka kashe ni! Dubi abin da taurin kanka ya ja mini!"

Mai gadin ƙofa, wani gajere mai oba-oba a ƙugu, na'urar da ma'aikata ke kiran juna da ita, ya leƙo ya yi dariya. Ya nuna musu wani ɗan ɗaki a gefe, ya ce su shiga, yanzu zai kira mai cirewa. Mai Walda ya yi addu'a a zuciyarsa Allah ya sa ma'aikatan wurin suna da yawa.

Dogo ne ya shigo. Ya jingina gorarsa a bakin ƙofa, ya wanke hannu, ya buɗe wani farin akwati ya ɗauko hantsaki da auduga da 'yar kwalba. Ya durƙusa gaban Ɗan Kwangila ya tsince su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin kwalbar.

"Ba su kama ba tukuna, Yallaɓai. Yawo suke suna neman wuri. In ka je gida ka cire kayan, ka duba jikinka ko'ina."

"Ko'ina?"

"Ko'ina, Yallaɓai. Sun fi son inda mutum ba ya son a duba."

Ɗan Kwangila ya ƙyalƙyale. Dogo bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya juyo wajen ubansa, wanda ya tsaya a bakin taga yana karanta wata takarda da ke manne a bango, shi da karatun boko bai dame shi ba.

"Malam, saura kai."

Malam. Mai Walda ya taɓa cin mari a hannun ɗan sanda, ƙarfe mai zafi ya taɓa faɗo masa a ƙafa. Babu wanda ya shige shi kamar wannan.

"Ni ba komai a jikina."

"Akwai. Tun daga nan ina hango ta. Bayan kunnenka, ƙarƙashin hula."

Ya kai hannu. Ya ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero, a manne, ba ya motsi. Ya sa farce zai fizge.

"Kada ka ja!" Dogo ya daka masa tsawa, irin wadda bai taɓa yi masa ba tun da aka haife shi. Sai ya sassauta murya. "In ka ja, kan zai tsinke a ciki. Zauna."

"A ba ni ashana kawai in ƙona 'yar banza."

"Ba a ƙona ta. Zauna, Malam. Cire hular. Sunkuya."

Ya zauna a kan kujerar roba. Ya cire hula, sanƙonsa ya fito fili. Ya sunkuyar da kai har yana kallon takalman ɗansa, na roba, duk taɓo, ɗaya an ɗinke shi da waya. Ɗinkin ya yi kyau. Shi ya koya masa irin wannan murɗin.

Yatsun Dogo suka lanƙwasa masa kunne. Sanyi gare su, suna ƙanshin sabulu.

Ɗan Kwangila ya miƙe ƙafa, hankalinsa ya kwanta, bakinsa ya buɗe.

"Samari, hannunka na da kyau. Ka yi makaranta kuwa?"

"Na yi, Yallaɓai. Na gama."

"Ka gama, kake bin gizo-gizo da sanda?"

"Shi na samu."

"To ka ga mutumin nan da kake riƙe da kunnensa? Ɗansa sa'anka ne. Aikin yanar gizo yake, amma ba irin taka ba, ta kwamfuta. Kullum sai ya ba mu labarinsa. Ko ba haka ba, Mai Walda? Ka roƙe shi ya haɗa ku, ko Allah zai sa ya ja ka."

Hantsakin ya tsaya a bayan kunnen. Mai Walda ya ji numfashin ɗansa a kan sanƙonsa.

"Allah ya ƙara masa ɗaukaka," in ji Dogo. "Ya ji daɗi, ubansa na alfahari da shi."

Mai Walda ya kasa jurewa. Ya yunƙura zai ɗago.

"Maigida, wannan yaron..."

Tafin hannun Dogo ya danne masa kai. Ba da ƙarfi ba, amma ya danne.

"Kada ka motsa, Malam. Na kama ta."

Ya ji ana ja a hankali, a hankali, fatar tana bin hantsakin, sai ta saki. Dogo ya kawo abin gaban idonsa. 'Yar mitsitsiya ce, ta fara kumbura da jininsa, ƙafafunta na motsi. Ya jefa ta a kwalba, ya goge wurin da auduga mai zafi.

"Ta fita duka. In wurin ya yi ja ya faɗaɗa, ko ka ji zazzaɓi, ka je asibiti ka ce kaska ce. Kada ka tsaya shan maganin kanti." Ya rufe kwalbar. "Ka sa wani a gida ya riƙa duba maka. Kai ba za ka iya gani ba."

Ya rufe akwatin, ya ɗauki gorarsa, ya ce wa Ɗan Kwangila a sauka lafiya, ya fita.

Suka shiga mota. Ɗan Kwangila ya kunna sanyi, ya fita daga wurin ajiye motoci, ya hau titi. Mai Walda ya riƙe hularsa a cinya, bai mayar ba. Bayan kunnensa na zafi. Suka wuce gidan mai, suka tsaya a danja. Wani mai sayar da tsummokin goge mota ya ƙwanƙwasa gilashi ya gaji ya wuce.

"Maigida."

"Ina jin ka."

"Yaron nan mai tsintsiya." Ya murza hular. "Shi ne Dogo. Shi ne ɗan nawa."

Ya jira dariyar. Ya riga ya shirya mata, ya ƙanƙame hula.

Ɗan Kwangila bai ko juyo ba. Yana kallon jar fitilar.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Haba, Mai Walda. Ni yaro ne? Yana cewa Baba na ga fuskarka ta zama toka. Kuma wa zai ga hancin nan a fuska biyu ya ce ba gida ɗaya suka fito ba?" Ya gyara madubi. "Na yi ta ba ka hanya a ɗakin can, in ga ko za ka faɗa. Har na fara tunanin ko ni ma in wata rana na tsiyace, haka za ka wuce ni a titi."

Fitila ta koma kore. Na baya suka fara hon.

"Sauke ni a nan."

"Nan ina? Shagonka na can gaba."

"Sauke ni, Maigida."

Ya sauka a bakin titi, ya kamo hanyar da suka fito, a ƙafa, cikin rana. Tafiyar ta fi yadda ya zata. Kafin ya kai ƙofar gandun rigarsa ta manne a baya, wurin da aka cire kaskar yana ta zugi saboda gumi.

Babbar ƙofa ta cika da 'yan makaranta da malamansu suna layi, sai ya nufi ƙaramar da ke gefe. Gajeren mai gadin nan ya tare shi da hannu.

"Dattijo, an manta wani abu ne? Nan ta ma'aikata ce. Ka bi layi."

"Wani nake nema."

"Wa?"

"Dogon nan. Mai share yanar gizo." Ya ji kalmar ta fita daga bakinsa da nauyi, amma ta fita. 'Yan makarantar da ke kusa suka juyo. Ya ɗaga murya yadda yake yi in injin yana aiki. "Ka ce masa ubansa ne."

Mai gadin ya dube shi sama da ƙasa. Ya tuna shi sarai, shi ya nuna masa ɗaki ɗazu, kuma yana bakin ƙofa aka yi ta kiransa Malam. Ya ciro oba-obarsa ya danna.

"Dogo, Dogo. Kana ji? Wai ubanka na ƙofa."

Na'urar ta yi shuu. Ta daɗe tana shuu, har mai gadin ya girgiza ta ya kai kunne. Mai Walda ya tsaya da hula a hannu, rana na dukan sanƙonsa.

Sai muryar ta fito, a shaƙe, daga can cikin itatuwa.

"Ka ce ya jira. Ban gama hanyar rafi ba."

Mai gadin ya sauke na'urar, ya ɗan tura masa kujerarsa da ƙafa.

"Ka ji. Hanyar rafi da tsawo fa. Zauna."

"Bar shi," in ji Mai Walda. "Zan tsaya."